Wa Zai Yi wa Siminti Yaɓe?



Akwai wata tambaya da ta raba kawunan mutanenmu a 'yan kwanakin nan, kuma a ganina ta fi ƙarfin gajerun saƙonnin da ake jefa wa juna a WhatsApp. Tambayar ita ce: ya dace a ɗebi kuɗi daga asusun tallafin karatu, wanda jama'a suka tara da guminsu, a ba ɗalibin da ke son yin digiri na biyu a fannin adana gine-ginen zamani? Ɗalibin nan ba zai fito likita ba, ba zai fito lauya ba. Abin da zai koyo shi ne yadda ake tsawaita ran ginin siminti da ƙarfe da gilashi da aka yi a ƙarnin da ya gabata, irin ginin da yawancinmu muke wucewa ta gabansa a Landan ko Manchesta ba tare da mun ɗaga kai ba, wani lokaci ma muna tsaki.

Ni ina cikin masu cewa a ba shi. Sai dai hujjar masu cewa a'a tana da nauyi, kuma rashin adalci ne in yi kamar ban ji ta ba.

Asusunmu ƙarami ne. Kuɗin da ke cikinsa na direban tasi ne, da mai gadin dare, da ma'aikaciyar jinya da ke kwana a tsaye. Abin da jami'a ɗaya za ta karɓa a ƙasar nan na shekara guda, in aka juya shi zuwa naira ko sefa, zai riƙe marayu da dama a makaranta, ya kuma rage na magani. Duk wanda ya ce a ba mai karatun gini, to ya san cewa akwai wata takardar neman tallafi da za a mayar ƙasa, wataƙila ta yarinyar da ke son karanta ungozoma. Ba zan ce babu wanda zai rasa ba. Akwai. Abin da kawai zan cire daga muhawarar tun da wuri shi ne zakka: ita tana da masu haƙƙinta guda takwas da Alƙur'ani ya ambata, ba a kanta ake magana ba. Maganarmu a kan sadaka ce ta ganin dama, wadda aka damƙa wa kwamiti amanar ya zaɓa mata wurin da za ta fi amfani.

To mene ne amfanin wannan karatu? Don in amsa, sai na koma ga abin da kakanninmu suka sani game da gini.

Bahaushe bai taɓa ɗaukar gida a matsayin abin da ake gamawa ba. Ginin ƙasa yana da haƙƙi a kan mai shi duk shekara. Kafin damina ta sauka a hau soro, a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe, mai hali ya sa makuba. Wanda ya yi sakaci shekara biyu ko uku, katanga da kanta za ta tona masa asiri a gaban maƙwabta. Saboda haka magini ba baƙo ba ne a gida, kuma sana'ar tana da shugabanta, Sarkin Magina, tana da masu gadonta. Da siminti ya zo, ya zo da alkawari mai daɗin ji: an huta da yaɓe. Ka zuba kankare sau ɗaya, jikokinka su gada. Mutane suka karɓi alkawarin hannu biyu, ba a ƙasar Hausa kaɗai ba, har a nan Turai inda aka ƙirƙiro shi.

Alkawarin bai cika ba. Kankaren da ake gini da shi yana da rodi a cikinsa, kuma abin da ke kare rodin daga tsatsa shi ne wani kaifi da siminti yake da shi, irin na kanwa ko ruwan toka. A hankali iskar kabon da ke yawo a sarari tana ratsa kankaren daga waje, tana kashe wannan kaifi, shekara bayan shekara, har ta isa ga ƙarfen. In garin yana bakin teku, kamar Jidda ko Legas ko Akara, gishiri ya ƙara wa aikin sauri. Da zarar rodi ya fara tsatsa sai ya kumbura, don tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ya turo kankaren daga ciki ya tsaga shi. Ruwa ya samu ƙofa. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a ginin siminti ɓarnar tana riga tsagar, shekaru tana ci a ɓoye kafin ido ya gani. Nan ne bambancin yake. Ciwon ginin ƙasa a fili yake, kowane mai gida yana iya karanta shi. Na siminti kuwa sai wanda ya koya, mai kayan awo, wanda zai huda ya ɗauki samfuri ya ce ga inda iskar ta kai, ga shekarun da suka rage, ga abin da za a yi kafin a makara.

Mu da ke Ingila mun ga abin da ido a 2023, lokacin da aka umarci makarantu sama da 100 su rufe wasu azuzuwa ana saura 'yan kwanaki a dawo daga hutu, saboda an rufa su da wani nau'in kankare mai kumfa wanda ƙarfinsa ya ƙare. 'Ya'yan wasu daga cikinmu sun zauna a gida. Ƙasar da take da injiniyoyi da kuɗi ke nan.

Yanzu mu dubi kanmu. Me muka fi tara wa kuɗi a wannan zama namu na ƙetare? Gini. Masallaci a ƙauyen su wane, Islamiyya a unguwar su wance, ɗakin shan magani, tankin ruwa. Duk da bulo da siminti da rodi. Muna kiran su sadaka mai gudana, kuma muna fatan Allah Ya karɓa. Amma kalmar gudana tana da sharaɗi a cikinta, don ruwa ba ya gudu a magudanar da ba a yashewa. Malaman fiƙihu sun gane wannan tun da daɗewa. A babin waƙafi, har a mazhabarmu ta Malikiyya, hukuncin da aka sani shi ne a fara gyaran abin da aka yi waƙafinsa daga kuɗin da yake samarwa, kafin a raba wa waɗanda aka yi dominsu, ko da mai waƙafin ya shar'anta akasin haka. Wato a gaban malamin fiƙihu, rufin da ke yoyo yana gaba da talakan da ke jiran rabonsa. Da farko abin yana kama da rashin tausayi. Amma hikimar a bayyane take: in rufin ya faɗi, talakan baɗi da na shekaru ashirin masu zuwa ba su da komai. Mu mun gaji ɗabi'ar ginawa, mun bar ta gyarawa a baya. Mai gina masallaci ana rubuta sunansa a allo, ana yi masa addu'a ranar buɗewa. Ban taɓa ganin an yi walima don an canja rodin da ya ruɓe ba.

Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi, har da noma da saƙa da ɗinki, cikin farillan da in wasu suka ɗauka sun sauke wa saura, in kowa ya bari kuwa duka gari ya yi laifi. Ma'aunin a nan ba darajar sana'a a idon mutane ba ce. Ma'aunin shi ne, akwai mai yi ko babu? 'Ya'yanmu masu karatun likita da jinya da kwamfuta, alhamdu lillahi, suna da yawa, kuma ƙofofin tallafi a buɗe suke gare su. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda ya fi karkata ga kimiyya da fasaha da lafiya, asusun PTDF na Nijeriya na harkar man fetur ne. Mai karatun adana gini yana faɗawa tsakanin kujeru: masu kimiyya su ce tarihi yake karantawa, masu tarihi su ce injiniya ne. Gidauniyar Getty ta Amurka ta yi shiri na musamman daga 2014 zuwa 2020, ta ba da tallafi 77 don gine-ginen ƙarni na 20, cikinsu har da ɗakin karatu na yara da ke Akara, da Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife, da filin baje koli na Dakar. Amma kuɗin na gine-ginen ne, don a yi musu bincike da tsarin kulawa. Ba su ne ke biya wa ɗalibi kuɗin makaranta a York ko Edinbara ba. In ba a horar da mai yin binciken daga cikinmu ba, kullum sai dai a ɗauko shi daga wani wuri, ya yi makonni, ya rubuta rahoto, ya hau jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu 'yan'uwa sun kawo hujja ta addini, kuma da kyakkyawar niyya suka kawo ta. Suka ce duniya ba matabbata ba ce, Alƙur'ani ya zargi Adawa da gina manyan alamomi a kan tuddai don wasa da alfahari, hadisin Jibrilu kuma ya sa gasar tsawaita gini cikin alamomin tashin ƙiyama. Haka ne. Amma a duba a gani, wa zargin ya fi kama: wanda ya tsaya ya gyara makarantar da aka gina a 1965 don yara su ci gaba da karatu a ciki, ko wanda ya rushe ta da sauran ƙarfinta don ya ɗora bene mai hawa talatin da sunansa a goshi? A tarihinmu akwai abin da ya fi wannan kusa. Bayan gobarar da ta taɓa Ka'aba a shekara ta 64 bayan hijira, Abdullahi ɗan Zubairu ya sake gina ta a kan harsashin Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Bayan an kashe shi a shekara ta 73, Hajjaju ya mayar da ita yadda Ƙuraishawa suka bar ta. Da wani halifan Abbasiyawa ya so ya sake rushewa ya koma ga ginin ɗan Zubairu, Imamu Malik ya hana shi, don kada Ɗakin ya zama abin wasan sarakuna, kowa ya hau ya rushe na wanda ya gada, har kwarjininsa ya fita daga zukatan mutane. Abin lura shi ne, halifan yana da hadisi a hannunsa. Duk da haka Malik ya ga cewa barin gini a yadda yake, a wannan hali, ya fi maslaha. Ba ina kwatanta wani gini da Ɗakin Allah ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina nuna cewa tunanin kame hannu daga rushewa ba Turawa ne suka koya mana shi ba.

Masu cewa waɗannan gine-gine ba namu ba ne, na 'yan mulkin mallaka ne da almajiransu, ba zan daɗe a kansu ba. Duk alhajin da ya sauka a Jidda ya zauna a ƙarƙashin farar rumfar tashar alhazai, wadda aka gama a 1981. Injiniyanta Fazlur Rahman Khan ne, haifaffen Daka, wanda tallafin karatu na Fulbright ya kai shi Jami'ar Illinois a 1952. Babban masallacin Landan da ke Regent's Park, inda da yawanmu muke sallar Idi, Frederick Gibberd ne ya zana shi, aka gama a 1977, kuma a 2018 hukuma ta sa shi cikin jerin gine-ginen da doka ta kare. Ma'anar haka ita ce ba a taɓa wani muhimmin sashe nasa sai da izini, kuma izinin yana hannun mutanen da ke da nasu yare na sana'a. Masallatanmu da yawa a ƙasar nan tsofaffin coci-coci ne da ɗakunan taro da aka saya. Duk kwamitin masallacin da ya taɓa neman faɗaɗa wurin alwala a irin wannan gini ya san wahalar zama gaban jami'in ƙaramar hukuma ba tare da naka mai jin yaren ba.

Hujjar da ta fi damuna ba a kawo ta a muhawararmu ba, don haka zan kawo ta da kaina. Adana gini yana iya zama zalunci.

A Poplar, gabashin Landan, a da akwai rukunin gidajen gwamnati da ake kira Robin Hood Gardens, wanda Alison da Peter Smithson suka zana, aka gama a 1972, gidaje sama da 200. Da yawa daga mazaunansa Musulmi ne 'yan asalin Bangaladash. Da ƙaramar hukuma ta ƙudura rushe shi, manyan masu zanen gini, irin su Richard Rogers da Zaha Hadid, suka tashi tsaye a 2008 suna neman a kare shi. Hukuma ta ƙi. Aka fara rushewa a ƙarshen 2017. Gidan tarihi na Victoria da Albert ya yanki wani sashe ya adana, har aka kai wani ɓangarensa baje kolin Benis a 2018, masu hali suka yi ta kallon barandar da talaka ya shanya wanki a kai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kowane ɓangare ya yi magana da sunan mazauna. Binciken ƙaramar hukuma ya ce yawancinsu rushewa suke so. Wani binciken da wani mazaunin wurin ya yi ya ce yawancinsu gyara suke so. Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne, don mutumin da ya shekara goma yana kai ƙarar yoyo ba a zo ba, in ka tambaye shi ko a rushe zai ce a rushe, in ka tambaye shi ko a gyara masa da gaske zai ce a gyara. Ginin an bar shi ne ya lalace, sannan aka kafa hujja da lalacewar.

A Shefil kuma akasin haka aka yi. Rukunin Park Hill na 1961 an kare shi da doka a 1998, aka gyara shi ya yi kyau ƙwarai. Amma kafin a gyara sai da aka kwashe masu haya, kuma mafi yawan gidajen da aka gyara sun koma hannun masu iya saye. Siminti ya tsira, mutanen da aka zuba shi dominsu sun watse. In wannan ne abin da ɗalibinmu zai koyo ya riƙa yi, to kuɗin mai gadin dare bai halatta a gare shi ba.

Sai dai akwai hanya ta uku, kuma an bi ta. A Bordo ta Faransa, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal, tare da abokan aikinsu, sun gyara manyan benaye uku na shekarun 1960 masu gidaje 530, aka gama a 2017. Ba a rushe ba, ba a kuma fitar da kowa daga gidansa ba. Sun ƙara wa kowane gida faffaɗar baranda mai gilashi daga waje, mutane suna ciki suna girkinsu, kuma abin da aka kashe bai kai na rushewa da sake ginawa ba. Vassal ya yi shekaru a Yamai ta Nijar a farkon aikinsa, kuma su biyun sun sha faɗa cewa a can suka koyi yin abu mai yawa da kaɗan. A 2021 aka ba su lambar Pritzker, mafi girma a fanninsu.

Abin da na fahimta daga waɗannan garuruwa uku shi ne, a ɗakin da ake yanke wa gini hukunci akwai mai kuɗi, akwai jami'in hukuma, akwai masanin da ke son ginin don kyansa. Wanda ba kasafai ake samu ba shi ne mutumin da ya san kankare kuma ya tashi a irin wannan gida, wanda mahaifiyarsa ta tara bokiti ƙarƙashin yoyo. In mai kuɗi ya ce ginin ya mutu, wa zai ce masa ƙarya ne, ga awo, ginshiƙan lafiya lau suke, rufin ne kawai? Masu haya ba za su iya ba. Mutanenmu a ƙasar nan da yawansu a irin waɗannan gidaje suke zaune, na shekarun 1960 da 1970, kuma ɗaya bayan ɗaya ana zuwa kansu. Don haka ban yarda cewa zaɓin tsakanin dutse da ɗan'adam yake ba. Marayan da muke tausayi a ƙarƙashin wani rufi yake kwana.

Akan ce kuma, in ya gama ba zai koma gida ba. Wataƙila. Haka ake faɗa a kan likitocin da muka tallafa, ba mu kuma fasa ba. Amma ilimi yakan san hanyar gida ko da mai shi ya yi nisa. Mariam Issoufou ta yi digirinta na biyu na zanen gini a Jami'ar Washington, sannan ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka yi aiki a Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa. Tsohon masallacin garin, na ƙasa, ya fara lalacewa. Suka gina sabo a kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gama a 2018, tare da maginan yankin. A wannan jiha ce masallacin Yama yake, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara a 1962, ya kuma samu lambar Aga Khan a 1986. Shi ma ginin ƙarni na 20 ne, sa'an benayen Bordo, wanda ke nuna cewa zamani ba siminti kaɗai ba ne. A Zariya kuwa, masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, abin da ya rage nasa an lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970. Yau rigar simintin da aka sa masa don ta kare shi ita ma ta kai shekarun neman likita. Wanda zai duba wannan masallaci dole ya san azara, ya kuma san rodi.

Ba ina cewa a mayar da asusun na masu karatun gini ba. Mutum ɗaya a cikin shekaru masu yawa ya isa, kamar yadda unguwa ba ta buƙatar magina ɗari. Kuma ina ganin kwamiti yana da damar gindaya sharaɗi, tunda amana ce. A tambayi ɗalibin wane gini zai yi bincikensa a kai, kuma su wa ke kwana ko karatu ko salla a cikinsa. A tambaye shi abin da zai ce in aka ba shi aiki irin na Park Hill. A nemi alkawarinsa cewa in ya gama zai zagaya masallatai da Islamiyyun da jama'armu ke amfani da su a nan, ya duba su kyauta, ya rubuta wa kowane kwamiti abin da ya gani da Hausa, a cikin kalmomin da ma'aji zai gane. Sannan ya rubuta mana takarda ɗaya, gajera, wadda za mu riƙa haɗawa da duk kuɗin ginin da muke aikawa gida: kaurin kankaren da ya kamata ya rufe rodi, irin yashin da ba a so, kwana nawa za a yi ana ba sabon kankare ruwa, da kashi nawa na kuɗin za a ware a ajiye don ranar da rufin zai fara ɗiga.